Mujiya ta tara jama'a a bakin tekun Amurka: mu ma muna yin irin waɗannan baƙin a Kano?

Baban Walida:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah a bari masu sani su iso kafin a fara tsokana.

Ƙanena yana aikin jinya a Amurka, a wani yanki da ake kira Suffolk, can gabashin tsibirin Long Island a jihar New York. Unguwannin ma'aikata ne, kowa da gidansa da ɗan fili, ga teku ta kudu ga teku ta arewa. Ranar Asabar wajen la'asar ina shago a Kwari ya kira ni ta bidiyo, su a can safiya ce, ya ce in zo in ga ikon Allah. Yana tsaye a bakin teku, sanyi ya sa maganar ma da ƙyar take fita. Bayansa mutane sun jeru, tsofaffi da matasa, har da wata dattijuwa mai dogara sanda, kusan kowa da kyamara mai dogon baki a kafe kan ƙafafu uku. Na ce gwamna ake jira? Sai ya juya wayar ya nuna min wani farin abu a kan tudun yashi can nesa. Wai mujiya ce, fara fat mai rawayan ido, tana zaune da rana tsaka ko gezau.

Ya ce ba tsuntsuwar garin ba ce, daga can ƙarshen arewacin duniya take zuwa, kuma ba kowace shekara ba. Da wani ya gan ta sai ya sanar a waya, kafin awa biyu wuri ya cika. Wani abokin aikinsa ne ya ja shi, mutumin da aka ce yana da littafi guda na sunayen duk tsuntsun da ya taɓa gani a yankin.

Maƙwabcina na shago da ya leƙo ya ce a'uzubillahi, mujiya kuma? Ni dai abin bai bar raina ba. Me ke fito da tsuntsu daga ƙasarsa ya faɗo inda ba a san shi ba, kuma a tsakiyar sanyi? Sannan mu nan Kano, da hunturun nan, muna yin irin waɗannan baƙin ko sai ƙasar da ke da teku?

Ɗan Kurna:

Wa alaikumus salam. Alhaji, amsar a taƙaice ita ce ƙoshi. Wanda ya biya kuɗin makaranta ya cika tankin mota shi ne zai tsaya kallon mujiya. Mu nan in ta sauka a kan katanga, yaran unguwa da danko ne za su yi mata maraba.

Malam Na-Gwale:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Ɗan Kurna, a yi mana haƙuri mu masu kallon tsuntsu, ɗan fansho ne ke magana, kuma babur nake hawa.

Alhaji, na koyar da bayoloji a sakandare har na ajiye alli, kuma ina da wani tsohon madubin hangen nesa da nake fita da shi bayan gari. Bari in fara da mujiyar.

Gidanta filayen ƙanƙara ne na arewacin Kanada da Alaska da Rasha, inda babu bishiya ko ɗaya. Abincinta wani ɗan ɓeran ƙasar ne wanda yawansa ke hawa da sauka: wata shekara ya cika ko'ina, wata shekara ya yi wuyar gani. Shekarar da ɓeran ya yi yawa, mujiya kan yi ƙwai da yawa, har goma ko sha ɗaya a sheƙa guda, kuma yawancin 'ya'yan su rayu. Sanyi na shigowa sai ƙananan su bazu kudu neman wurin farauta. Haka aka yi a sanyin 2013 zuwa 2014, bayan ɓeran ya yi ambaliya a arewacin Quebec. Mujiyoyin suka cika gaɓar gabashin Amurka, har aka ga ɗaya a Florida, aka ga wata a tsibirin Bermuda. A watan Janairun 2021 ɗaya ta sauka a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin New York, rabon da a rubuta ganin irinta a wurin tun 1890. Tudun yashin da ƙaninka ya nuna maka kuwa ta zaɓe shi ne don ya yi kama da gida: fili fetal, ba abin da ke tare mata gani. Shi ya sa ma suke yawan sauka a filayen jirgin sama, har sai an kama su an kai wani wuri.

To ita wannan da niyya ta zo. Akwai kuma waɗanda ɓata suka yi. Tsuntsu mai ƙaura yana gane hanya da rana da taurari da maganaɗisun ƙasa, kuma a jinsi da yawa ƙaramin da aka ƙyanƙyashe bana shi kaɗai yake tafiyarsa ta farko, ba uwa ba jagora. In lissafin ya karkace sai ya miƙe inda bai dace ba. Wani kuma iska ce ke kwasarsa. Bayan guguwar Sandy ta ƙarshen Oktoban 2012 an ga wani tsuntsun Turai, ɗan'uwan zakaran ƙeƙuwa mai tukku a ka, a Montauk, wato can ƙarshen yankin da ƙaninka yake. Teku guda ya tsallako. A ƙarshen 2021 wata ƙatuwar mikiyar teku, wadda gidanta gabashin Rasha ne da Japan, ta bayyana a jihohin Massachusetts da Maine, mutane suka riƙa tuƙin dare don su gan ta.

Dalilin da ya sa bakin teku ya fi tara su ba ɓoyayye ba ne. Tsuntsun tudu in ya iso gaɓa ba ya son faɗa wa ruwa, sai ya tsaya ko ya bi gefe. Wanda ya galabaita a kan teku kuma, ƙasar farko da ya gani nan zai sauka. Ga shi teku na rage kaifin sanyi, ruwan gishiri ba ya saurin daskarewa, don haka akwai abinci lokacin da tafkunan cikin ƙasa suka zama dutse.

Amma ni a ganina babban dalilin shi ne idanu. Yanki irin Suffolk cike yake da mutane masu lura, kuma masu rubutawa. Tun 1900 ake ƙirgar tsuntsaye a Amurka duk ƙarshen shekara, yanzu tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu, kowace ƙungiya da da'irarta mai faɗin kilomita 24. Tun 2002 kuma suna da wani shafin intanet mai suna eBird, inda kowa ke zuba abin da ya gani. Mutumin da ya san agwagin garinsu ɗaya bayan ɗaya, shi ne zai tsaya gaban garken dinya dubu ya ce waccan ta gefen hagu ba tamu ba ce, daga Greenland take. Wanda bai san 'yan gida ba, ta ina zai gane baƙo?

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi yi min daɗi. Alhaji, ai mu ne masaukin baƙi. Tsuntsayen Turai masu gudun sanyi da rashin ƙwari, nan suke gudowa. Daga watan Satumba zuwa Oktoba suke isowa bayan sun keta Sahara, su koma wajen Maris da Afrilu. Kafin su taso sai sun yi ƙiba, wasu ƙananan har nauyinsu ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne man tafiya.

Ka je lambunan da ke bin Jakara da safe, ko inda shanu ke kiwo a gefen dam ɗin Wasai. Za ka ga wani ɗan tsuntsu siriri mai rawayan ciki, yana tafiya tsakanin ƙafafun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa. Ba ka ganinsa da damina, domin a lokacin yana Turai yana ƙwai. Shekaru da dama da suka wuce wani Bature mai suna Sharland ya yi ta sa wa irinsu zobe a nan Kano, kuma shi da Wilkinson suka wallafa jerin tsuntsayen jihar Kano a 1981. A gonakin da aka girbe kuma akwai wani mai tsayawa ƙyam a kan kunya, in ya tashi ka ga fari a gindin jelarsa, Turawa na ce masa wheatear. Nauyinsa kusan giram 25 ne. An bi sawun irinsa da ƙaramar na'ura aka tarar na Alaska suna yin kusan kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka, na gabashin Kanada kuma suna tsallako Atlantika su zo yammacin Afirka. Ka ga ke nan muna da baƙon da ya fito daga maƙwabtan waccan mujiyar, yana zaune a gonar dawa ba wanda ya ce masa sannu da zuwa.

In kana son ganin taro na gaske sai fadamun Haɗeja da Nguru, su Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe, inda agwagin Turai ke sauka dubbai. Mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Philip, ya zo Dagona a 1989 saboda tsuntsayen nan. Fadamun sun ragu tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, amma har yanzu baƙin suna zuwa, kuma duk watan Janairu ana ƙirga su.

Kuma kada a ɗauka hanyar ɗaya ce. Balbelar nan tamu da ba wanda ke ɗaga kai ya kalla, da fikafikanta ta tsallaka teku. An fara rubuta ganinta a Kudancin Amurka a 1877, ta isa Florida a 1941, ta fara ƙwai a can a 1953. Akwai lokacin da ita ce baƙuwar da ake tururuwar gani.

Manomin Kadawa:

Allah ya gafarta Malam, ka tuna min da wani abu. Ni noman rani nake yi, shinkafa da tumatir, tsakanin Kura da Kadawa. Tsuntsun da na sani ciki da waje shi ne jan baki, don shi ne ke sa mu kwana da gwangwani a hannu. Amma akwai wasu masu dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa, da ke sauka garke-garke a fadamar da aka yanke shinkafa suna tsintar abin da ya zube. Da sanyi kawai muke ganinsu. Mu dai tsuntsayen ruwa muke ce musu gaba ɗaya.

Bara waccan yaron da ke min aiki ya kama ɗaya a tarko, sai ga ɗan zoben ƙarfe a ƙafarsa da lambobi da rubutun boko. Nan fa gardama ta tashi a bakin gona. Wani ya ce asiri ne aka yi wa wani aka ɗaura wa tsuntsu don kada ya karye, wani ya ce na leƙen asiri ne. Yaron dai ya gasa abinsa ya cinye, zoben kuma ina jin yana nan a cikin gwangwanin da nake ajiye ƙusoshi. Malam, mene ne gaskiyarsa? Kuma ba wata fitina in mutum ya nuna shi?

Maman Sadiq:

Sannunku da hira. Ni tawa damuwar daban ce. Ina kiwon kajin ƙwai a bayan gida a Hotoro, kuma ban manta 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna ta shigo Kano, aka yi ta binne kaji. Ta sake dawowa a 2015. Duk lokacin ana cewa tsuntsayen ƙaura ne ke kawo ta. To Malam, waɗannan baƙin da kake yabo, ba su ne masu jawo mana asara ba?

Wani abin kuma, tunda ana maganar tsuntsun da ba a cika gani ba. Ina yarinya, in aka aike mu kwata, ungulaye ne jere a kan rufi kamar masu jiran rabon zakka. Yau yarana ba su taɓa ganin ungulu da idonsu ba. Wannan fa, ita ma ƙaura ta yi?

Malam Na-Gwale:

Malam manomi, ka riƙe zoben nan da kyau, ba asiri ba ne kuma ba fitina. Masu bincike ne ke kama tsuntsu da raga, su auna shi, su sa masa zobe mai lambar da babu mai irinta, su sake shi. Wani malamin makaranta a Denmark, Mortensen, shi ya fara a 1899. Rubutun da ke jiki sunan cibiyar da ta sa zoben ne, sau da yawa gidan tarihi ko birnin ƙasar. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe yadda lambobin za su fito, ka tuna watan da aka kama shi da sunan ƙauyen da ya fi kusa. Ana aikawa ta shafin EURING, ƙungiyar da ta haɗa masu sa zobe na Turai, ko a tuntuɓi cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. Sukan dawo maka da amsa: ga ƙasar da aka sa shi, ga ranar, ga nisan da ya yi. Ko an cinye tsuntsun bayanin yana da amfani, kuma a faɗi gaskiyar yadda aka same shi. Yadda ka siffanta su, na fi zaton wanda Turawa ke kira ruff ne, mai yin ƙwai a arewacin Turai da Siberiya, don shi ne mai son shinkafar da ta zube. Amma zoben ne zai raba gardama.

Zargin leƙen asirin ma ba a bakin gonarku aka fara ba. A 2013 an tsare wata farar shamuwar Turai a ofishin 'yan sanda a Masar saboda na'urar da ke bayanta. Su kansu Turawan sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da sanyi ba, har akwai masu cewa tsattsewa a cikin taɓo take kwana. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar da shi. Tana nan a ajiye a jami'ar Rostock har yau.

Hajiya, tambayarki tana kan hanya kuma ba zan kare su a kan abin da suke da hannu ba. Agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa suna ɗaukar ƙwayar cutar daga wata ƙasa zuwa wata. Amma daga gona zuwa gona, mu ne ke kai ta: kiret ɗin ƙwai da ya zaga gonaki, takalmin ɗan sari, motar abinci, kajin da aka sayo a kasuwa aka zuba cikin na gida ba a ware su ba. Ɗan tsuntsun da ke bin shanu a Wasai ba zai shigo kejinki a Hotoro ba. Abin da zan ce ki kiyaye shi ne raga a tagogin ɗakin kaji, ruwan sha daga famfo ko rijiya ba daga kududdufi ba, ruwan magani a bakin ƙofa don takalma, kuma kada a kawo miki agwagwar daji gida, matacciya ko mai rai. Kashe na dajin ba ya maganin komai, watsa su kawai yake yi.

Ungulu kuwa ba ƙaura ta yi ba, ƙarewa take yi. Guba da ake sa wa mushe, da masu sayen kanta da ƙafafunta don haɗa magani, da sare manyan bishiyoyin da take sheƙa, su suka cinye ta. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka abin da aka kashe ba ya saurin dawowa. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda ke dab da ɓacewa a duniya. Gauraka ma haka, da wuya ka gan shi a daji a Najeriya yanzu. Abin da ke ci min rai shi ne ba wanda zai iya ce miki ga shekarar da ungulu ta bar kwatar Kano, domin lokacin da take da yawa ba wanda ya ƙirga. Ingila da wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1968 da 1969, nan da nan suka gane, suka bi sawu har suka tarar farin da aka yi a yankinmu na Sahel ne ya kashe su. Su suka ga alamar farinmu a lambunansu, saboda suna da lissafin shekarun baya.

An sha rubuta ganin tsuntsayen bakin ruwa na Amurka da suka ɓato zuwa gaɓar Senegal da Ghana. Ba ni da shakka wani abin mamakin yana sauka a Tiga ko Bagauda ko Tomas, ya yi makonninsa ya tashi, masunta ne kaɗai suka gan shi. An fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, kuma akwai matasan Arewa a ciki, da waya kawai suke shigar da abin da suka gani. Duk mai sha'awa zai iya shiga.

Ɗan Kurna:

To Malam, na sauko daga kan maganar ƙoshi, amma rabi. Madubin nan naka nawa ne a kasuwa? Kuma a zamanin nan mutum ya tsaya bakin dam yana hange-hange da na'ura, ba za a tara masa jama'a ba?

Baban Walida:

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na tura wa ƙanena bayanin ɓeran, ya ce abokin nasa ya tabbatar, har ya ƙara da cewa ana hana mutane matsawa kusa da ita don kada ta yi ta tashi tana ƙona ƙarfinta. Na ce ya nemo min madubi ko na hannu ne ya ba wa mai zuwa. Kafin nan, in za ka fita Wasai wata Lahadin, ni da Walida muna so mu bi ka. Ni zan kawo mota.

Malam Na-Gwale:

Ɗan Kurna, ana samun na gwanjo a Sabon Gari. Ka nemi mai rubutun 8x42 ko 8x40 a jiki, ka leƙa ka tabbatar hoton bai rabu biyu ba kafin ka biya. Maganar tara jama'a kuwa gaskiyarka ce, shi ya sa ba na zuwa wuri sai na fara gaida mai unguwa da sarkin ruwa, na miƙa musu madubin su leƙa da kansu. Kuma ba na ɗaga shi kusa da shingen jami'an tsaro ko bakin ginin dam.

Alhaji, bismillah. Mu haɗu bayan sallar asuba, don in rana ta ɗaga hazo na dusashe komai kuma tsuntsayen sun watse. A bar farar shadda a gida, a sa kaya masu duhu da takalmin da ba a jin tausayinsa. Walida ta zo da littafin rubutu da fensir, ita za ta riƙe mana lissafi. Malam manomi, muna jiran hoton zoben.